Abin Da Tifa Ta Koya Mini

Wata rana da sassafe, lokacin hunturu, wata tifa ta kawo yashi makarantarmu. Direba ya yi ta fama, amma bayan motar sai ɗagawa yake yi a hankali. Da ta komo da azahar kuwa, nan da nan ta juye. Abin ya ɗaure mini kai, sai na tambayi malaminmu na kimiyya.

Malam ya ce mai ne yake ɗaga bayan tifa. Famfo yana tura shi da ƙarfi ta cikin bututu da waɗansu 'yan ƙananan kafofi, har ya tunkuɗa sandar ƙarfen da ke ɗaga kaya. Haka jak da birkin mota suke aiki.

Sa'an nan ya sa muka huda gwangwanayen madara uku da ƙusa ɗaya, muka zuba ruwa da man gyaɗa da zuma. Ruwa ya fara ƙarewa, man gyaɗa ya bi baya, zuma kuwa sai ɗiga take yi. Da muka shanya zumar a rana, sai ta tsinke ta zubo. Watau abu na farko shi ne kauri. Sanyi yana ƙara wa mai kauri, zafi yana rage shi. Ashe abin da ya sami tifar nan ke nan.

Na biyu shi ne nauyi. Idan ƙarfin turi ɗaya ne, ruwa mai nauyi ya fi jinkirin fita. Shi kansa turin, wani Ba'italiye mai suna Torricelli ya nuna a 1643 cewa sai an ninka zurfin ruwa sau 4 kafin gudunsa ta kafa ya ninku sau 2.

Na uku shi ne tsabta. Ɗan ƙwayar yashi ya isa ya toshe kafa. Iska kuma tana matsuwa, mai ba ya matsuwa sai kaɗan ƙwarai. Saboda haka in iska ta shiga man birki, sai direba ya taka ya ji laushi, mota ba ta tsaya ba.

Don haka ina roƙon iyayenmu masu motoci, kada su zuba man inji a gurbin man birki don neman araha, domin yana kumbura robobin birki ya lalata su. Rai ya fi kuɗin mai. Allah ya kiyaye mu, amin.