DARASIN KULA DA GIDA: Gasa Kifi Don Abincin Dare

Lafiya uwar jiki. Abinci mai kyau shi ne tushen lafiya. Darasin wannan wata yana magana ne a kan gasa kifi.

Bata wata mahaɗa ce a birnin Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari. Ta samo sunanta daga kamfanin takalma na Bata. Kusa da ita akwai kasuwar Sabon Gari da 'Yan Kura da kasuwar kifi ta Galadima. Da yamma, a wannan yanki, masu gasa kifi kan hura garwashi a bakin titi, ma'aikata su saya su kai gida. Uwargida a ƙauye za ta iya yin irin wannan gashi a tsakar gidanta, da kuɗi kaɗan.

Amfanin kifi

Kifi yana gina jiki. Kusan kashi 1 cikin 5 na tsokarsa sinadarin gina jiki ne. Yara da masu ciki da masu shayarwa suna bukatarsa ƙwarai. Kifi mai farar tsoka, kamar karfasa da giwan ruwa, ba shi da kitse da yawa. Soyayyen kifi yana shan mai. Gasasshe kuwa cokali biyu na mai ya ishe shi. Ga sauƙin kuɗi, ga sauƙi ga ciki.

Ana samun karfasa a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ana kuma samu a madatsar Challawa da kogin Wudil.

Yadda ake gane kifi mai kyau

1. Idonsa garau yake, bai dushe ba.
2. Idan aka ɗaga kunnensa, cikin ja ne.
3. Idan aka danna tsokar da yatsa, sai ta dawo.
4. Ba ya wari.

A guji kifin da aka kama da guba. Wasu masunta sun sha zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin 20, cikin ruwa don kifi ya taso. Wuta ba ta kashe wannan guba. A 2009 ƙasashen duniya suka amince a hana amfani da wannan magani a gona. Kada a tsinci mataccen kifi a bakin ruwa.

Kayan haɗi

Karfasa manya 2
Lemun tsami 2
Tafarnuwa ƙwaya 3
Ɗanyar citta kaɗan
Attarugu 2
Albasa 1
Man gyaɗa cokali 2
Gishiri ɗan kaɗan

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A kankare ɓawon kifin, a fede shi, a fitar da kayan ciki. A wanke da ruwa mai tsabta.
3. A tsaga kowane gefe sau uku da wuƙa, don kayan haɗi su shiga.
4. A daka tafarnuwa da citta da attarugu da albasa. A matse lemun tsami a ciki. A zuba mai da gishiri, a juya.
5. A shafe kifin ciki da waje. A rufe shi a inuwa minti 20 zuwa 30. Kada ya wuce haka, domin tsamin lemo yana lalata tsokar idan ta daɗe a ciki.
6. A hura gawayi, a jira harshen wuta ya mutu, sai jan garwashi.
7. A shafa mai a wayar gashi don kada kifin ya manne.
8. A ɗora kifin. Bayan kamar minti 7 a juya shi sau ɗaya. Ɗaya gefen ma haka. Babban kifi yana bukatar ƙarin lokaci.

Kifi ya gasu idan tsokar ta yi fari har ƙashi, tana rabuwa da sauƙi. A ci da dafaffiyar shinkafa ko dankali ko kwaɗon zogale.

Gargaɗi

Kada a hura wuta da leda ko roba. Hayaƙinsu yana cutarwa. Kada a yi gashi cikin ɗaki a rufe, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Kada a zuba ragowar haɗin da ɗanyen kifi ya taɓa a kan gasasshe. Kada a mayar da gasasshe cikin kwanon da aka ajiye ɗanye, sai an wanke shi. A cire wa yara ƙaya kafin a ba su.

A rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai hawan jini ya kiyaye wannan sosai.

Tambayoyi

1. Ina Bata take?
2. Faɗi alamu uku na kifi mai kyau.
3. Minti nawa kifi zai yi cikin kayan haɗi?
4. Me ya sa ba a gashi cikin ɗaki a rufe?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa.