Darasin Noma: Kowane Lemo Da Lokacinsa

Duk wanda ke shiga kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya san cewa lemo ba ya zama a kan farashi ɗaya. Da hunturu yana araha. Da bazara kuwa sai ya yi wuya, ya yi tsada. Mai lambun da ya san dalilin haka zai iya kai nasa kasuwa lokacin da ake nemansa.

Daga ina lemo yake zuwa?

Yawancin lemon zaƙi da ake sha a Jihar Kebbi ba a nan ake noma shi ba. Manyan motoci ne ke kawo shi daga kudu, musamman daga Jihar Binuwai, wadda ta yi suna wajen noman lemo. A can ruwan sama yana da yawa, yana kuma sauka da wuri. A ƙasar Argungu da Birnin Kebbi kuwa damina wata huɗu ce zuwa biyar. Saboda haka lemo ba ya yi a nan sai a lambu, inda ake ban-ruwa.

Lokacin kowane iri

Itacen lemo yakan yi fure idan ya sami ruwa bayan ya sha fari. Daga ranar da ya yi fure ake fara lissafi.

1. Lemon tsami. Yana ɗaukar wata 5 zuwa 6 kafin ya isa tsinka. Yana yawa daga ƙarshen damina zuwa kaka. Yana ƙaranci da bazara.

2. Tanjarin. Yana shigowa da kaka zuwa farkon hunturu. Lokacinsa gajere ne. Ɓawonsa ba kauri, don haka ba ya jure ajiya.

3. Lemon zaƙi. Yana ɗaukar wata 7 ko fiye. Iri-iri ne. Akwai Washinton, wanda ke da cibiya a ƙasansa. Shi ne mai saurin nuna. Akwai Balansiya, mai ruwa da yawa. Shi ne na ƙarshe, yakan kai har bazara. An fi samun lemon zaƙi daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Yadda ake gane nunanne

Mutane da yawa suna ɗauka koren lemo ɗanye ne. Ba kullum ba. Sanyin dare ne ke sa ɓawo ya koma ruwan ɗorawa. A ƙasa mai zafi lemo yakan nuna alhali yana kore. Abin da ya fi shi ne a yanka ɗaya a ɗanɗana. Lemo ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne. In an tsinke shi ɗanye, ba ya ƙara zaƙi, ko da an ajiye shi kwana goma.

Damar mai lambu

Manomin da ke kusa da fadamar Gulbin Rima yana da abin da wasu ba su da shi, wato ruwa da rani. Da wannan ruwa zai iya sauya lokacin lemon tsaminsa.

Ga yadda ake yi. Idan ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, sai a bar itacen ba ruwa na mako 4 zuwa 6. Idan ganye ya soma lanƙwashewa, sai a zuba taki, a ba shi ruwa sosai. Bayan 'yan makonni zai yi fure. Daga nan kada ruwa ya yanke, domin ƙishi yana sa fure da ƙananan 'ya'ya su zube. Furen Disamba zai ba da lemo wajen watan Mayu, lokacin da kasuwa ke nema.

Wannan dabara ta babban itace ce mai lafiya. Ba a yi wa ƙaramin dashe.

Mai lambu ya riƙa lura da watan azumi, domin ana sayen lemo da yawa don buɗe-baki. Azumi yana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 ya faɗo a watan Maris.

Kafin a dasa

Lemo ba ya son kwanciyar ruwa. Kwarin da gulbi ke cikawa a Agusta da Satumba na shinkafa ne. A dasa lemo a gefen fadama mai ɗan tudu. A bar mita 7 tsakanin itace da itace. Kada a tara ƙasa ko taki a jikin gindinsa, domin yana sa shi ruɓewa.

A nemi dashe mai aure. Yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 6 ko fiye. Malamin gona zai nuna inda ake samun mai kyau. Wanda ya haɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri zai daɗe yana kai kaya kasuwa, kuma yaransa za su sami bitamin C, mai ƙara wa jiki lafiya.

Tambayoyi

1. Wata nawa lemon tsami ke ɗauka daga fure zuwa tsinka?
2. Wane irin lemon zaƙi ne ke kaiwa bazara?
3. Me ya sa ba a dasa lemo a cikin kwari?