Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

'Yan'uwa, ku ɗaga kai ku dubi jinkar ɗakin girkinku. Irin baƙin nan da ya manne a can ne yake shiga ƙirjin mai tuƙa tuwo da na jaririn da ke goye a bayanta.

Ƙura mai kauri, hanci yakan tare ta, mu fyace ta fita. Mai haɗarin ita ce 'yar mitsitsiyar nan da masana ke kira PM2.5. Sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Takan wuce maƙogwaro har can cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Tana jawo ciwon huhu ga yara, ciwon zuciya da shanyewar jiki ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutane miliyan 3.2 a shekara ta 2020, fiye da 237,000 cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Itace, kara, kashin shanu, ƙona daji da ƙona leda duk suna haifar da ita. Da hunturu kuma iska takan kwaso ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi.

To, yaya ake auna ta? Akwai ƙananan na'urori da ke zuƙar iska, su haska ta, su ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. A 2021 hukumar nan ta ce kada awon yini ya wuce mikrogiram 15. Murhun duwatsu uku a rufaffen ɗaki yakan ninka wannan sau da yawa.

Rashin na'ura bai hana mu lura ba. Ku zaɓi wani dutse ko doguwar bishiya mai nisa da gari. Kowace safiya mutum ɗaya ya rubuta ko ana hango ta. Zumuntar mata kuma ta riƙa ƙirga yaran da ke tari kowane mako, a kai wa ma'aikacin lafiya lissafin. Wannan awo ne na hazon waje kawai, hayaƙin ɗaki sai ku dubi jinka.

Ranar da dutsen ya ɓace, tsofaffi da masu asma su rage fita. Ɗaura ƙyalle a hanci bai cika tare wannan ƙura ba, kada a dogara da shi. A yi girki a rumfa da busasshen itace, a sauke jariri a ba yayarsa ta riƙe shi nesa da murhu.