DARASI: Shirya wa Ƙananan Yara Karatu a Gida Lokacin Dogon Hutu

Manufar darasi: kowane gida ya tsara rabin sa'a ta karatu kowace rana, don kada yaro ya koma makaranta ya manta abin da ya koya.

Gabatarwa

Kowace shekara makarantu kan rufe wajen ƙarshen Yuli, ba za a koma ba sai cikin Satumba. Lokacin nan kuwa damina ta kankama, kowa yana gona, ana maimai, ana zuba taki. Sai a cusa littafi cikin jaka a rataye a ƙusa. Ran da aka koma, malami ya tarar yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali ya koma baya. Mun ga haka ƙarara a shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu watanni.

Abin ba ƙarami ba ne. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Yaron da bai iya karatu ba a ƙananan azuzuwa, duk sauran darussa za su yi masa nauyi, daga nan ne kuma gudun makaranta yake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

1. Ku fara gano inda yaron ya tsaya

Kada ku ce tun da ɗan aji uku ne ai ya iya karatu. Ku gwada shi a hankali, ba tsawa. Akwai matakai biyar: (a) bai san haruffa ba, (b) ya san haruffa, (c) yana karanta kalmomi, (d) yana karanta jimloli uku ko huɗu, (e) yana karanta labari ya faɗi abin da ya ƙunsa. Inda ya cije, nan za ku fara.

Wannan hanya ta koyar da yaro daidai matakinsa, ba bisa ajinsa ba, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta ɓullo da ita. A shekarar 2019 an fara aiki da ita a makarantun firamare na Wudil da Dawakin Tofa a nan Jihar Kano. Ba ta bukatar kayan tsada, shi ya sa za ta yiwu a tsakar gida.

2. Ku tsai da lokaci ɗaya

Da safe ana gona, saboda haka da yamma ya fi, bayan an dawo an ci abinci, kafin duhu ya yi. Yaro mai yunwa ba ya jin karatu. Masu shekara 3 zuwa 5, minti goma ya ishe su: hira, ƙirga, da zane a ƙasa. Masu shekara 6 zuwa 9 kuwa minti talatin, a raba kamar haka: minti biyar na tatsuniya ko kacici-kacici, minti goma sha biyar na karatu da rubutu, minti goma na lissafi. Rabin sa'a, kwana biyar a mako, mako shida, ya zama sa'a 15. Da yayyafi kogi kan cika.

3. Tsarin mako shida

Ku fara da Hausa, harshen da yaron yake ji, domin ana karanta shi kusan yadda ake faɗinsa.

Mako na 1: wasula biyar, a, e, i, o, u. Ƙirga daga 1 zuwa 20 da tsakuwa ko ƙwayar masara.

Mako na 2: haɗa baƙi da wasali, kamar ba, be, bi, bo, bu da ma, me, mi, mo, mu. A yanka kara gajere-gajere, a ɗaure goma-goma. Dami uku da kara huɗu, shi ne 34.

Mako na 3: gajerun kalmomi na abubuwan da yake gani: gona, dawa, gero, wake, rake. Tarawa da kara.

Mako na 4: haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da masu tafiya biyu-biyu kamar sh da ts. Ku nuna masa bambancin "kafa" da "ƙafa", "dari" da "ɗari". Ɗebewa, ta wurin kwance dami.

Mako na 5: jimloli gajeru. Yaron ya faɗi abin da ya yi yau, a rubuta, ya karanta. Wasan kasuwa: mudu nawa, naira nawa, canji nawa.

Mako na 6: maimaici, sannan a sake gwajin farko don a ga ci gaba.

In yaro bai kama aikin mako ba, kada ku wuce, ku sake shi. Wanda kuma ya riga ya kai matakin labari, ku ba shi littafin ajinsa ya karanta wa ƙannensa da ƙarfi, ku yi masa tambayoyi a kai.

4. Kayan aiki

Ƙasa mai laushi da tsinke allo ne da alli. Gawayi da kwalin sabulu sun isa a yi katin haruffa. Ku adana su a leda saboda ruwa.

5. In iyaye ba su yi boko ba fa?

Har yanzu aikinku ne. Uwar da ba ta karatu tana iya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta tambaya: "Me ya faru da farko? Don me ya yi haka? Da kai ne, me za ka yi?" Wannan shi ne tushen fahimtar karatu. Uba kuma ya zauna ya saurara, ya ce, "Madalla, sake karanta mini." Haruffa kuwa, ɗaliban sakandare da suka dawo hutu su taimaka. Gida uku ko huɗu za su iya haɗuwa, yara kada su wuce goma ga mutum ɗaya. Ran da ake ruwa, a roƙi dattawa a zauna cikin majami'a. Ku gayyaci yaran maƙwabta duka, ba a ware kowa ba.

Abin lura

Kada a yi duka ko zagi. Yaron da ke jin tsoro haddacewa yake yi, ba ganewa ba. Kada kuma a bar 'ya mace da reno da wanke-wanke yayinda 'yan'uwanta maza suke karatu. A ba ta rabin sa'arta cikakkiya. Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne: yara su kwana cikin gidan sauro, mai zazzaɓi a kai shi asibiti ba jinkiri. Ku ja musu kunne game da wasa a kududdufi, rafi, da bakin madatsar ruwa ta Challawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaran gidanku nawa ne za su iya karanta jimla ɗaya? Kun gwada su?
2. Wane lokaci ne ya fi dacewa a ƙauyenku?
3. Su wane ne cikin matasa da zumuntar mata za su ɗauki rukuni?

Aikin wannan mako

Ku gwada kowane yaro, ku rubuta matakinsa, ku yanka kara ɗari. Ranar Lahadi bayan sujada, ku gaya wa juna abin da kuka samu. Allah ya ba mu haƙuri da hikima, ya raya mana yaranmu. Amin.