Da rani ake shata hanyar tudu

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauye a ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, ya san kamannin da suke ɗauka a ƙarshen watan Agusta. Mafi yawan Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, amma wannan kusurwa ta arewa maso yamma tana da tuddai da duwatsu, hanyoyinta hawa ne da gangara. Hanyar da keke da babur da amalanke suka bi lafiya lau da rani, damina ɗaya sai ta tsage a tsakiya. Mutane su kauce su fitar da wata a gefenta, ita ma baɗi ta tsage, har ka ga hanyoyi uku ko huɗu a jere kamar kunyoyin gona, ta farkon ta riga ta zama kwazazzabo mai cin gonar wani. Mu da muke aikin shata hanyoyin karkara da tare zaizayar ƙasa mun saba jin ana ɗora laifin a kan tayoyin babur ko kofaton shanu. Suna da nasu kason, amma babban mai laifi shi ne yadda aka miƙe hanyar tun farko: an sa ta fuskanci gangare kai tsaye, wato an yi wa ruwa magudana aka ce mutane su bi. Waɗanda suka fi kowa nazarin wannan matsala a kan 'yar siririyar hanyar ƙasa, abin mamaki, masu wasan gangarowa da keke daga kan dutse ne, kuma akwai abin ɗauka a wurinsu.

Wasan ya faro ne a shekarun 1970 a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wasu matasa, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Tserensu na farko da ya yi suna, a 1976, an kira shi Repack, saboda birkin keken yakan yi zafi har girishin da ke ciki ya ƙone, dole a sake cusa wani bayan kowace gangarowa. Da wasan ya yaɗu, hukumomin daji suka fara rufe hanyoyi suna cewa kekuna na lalata ƙasa, wannan ne ya sa 'yan wasan suka kafa ƙungiyar IMBA a 1988 don su kare kansu. Kare kan ya tilasta musu koyon gina hanyar da ruwa ba zai cinye ba, suka tattara abin da suka koya a littafin da suka fitar a 2004. A yau akwai wuraren da sana'ar wasu ke nan, kamar Whistler a Kanada, inda dutse ɗaya ke ɗaukar masu zamiya a ƙanƙara da hunturu, ya ɗauki masu keke idan ƙanƙarar ta narke. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: a 2013 an yi gasar duniya a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu, ɗan garin, Greg Minnaar, ya lashe tseren gangara a gaban mutanensa. Wani zai ce wannan wasan masu ƙoshi ne, me ya haɗa shi da mai kai buhun gero kasuwa? Abin da ya haɗa su ƙasa ce da ruwa da taya mai taka birki a gangare. Hanyar da ta jure ɗaruruwan kekuna masu gudu a kullum ba za ta gaza da babur ɗin ɗan acaɓa ba.

A yi lissafi kaɗan. Ɗauki hanya mai tsawon mita 200 da faɗin mita 2 wadda ta miƙe daga kan tudu zuwa ƙasa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a tsakiyar damina, abin da zai sauka a kan hanyar kaɗai ya kai lita 20,000, wato duro ɗari, ban da wanda ke kwararowa daga gefe ya faɗa cikinta. Hanyar da aka daɗe ana takawa ta zama fako, ba ta shan ruwa, kuma tsakiyarta ya lotsa, saboda haka duk wannan ruwa wuri ɗaya zai bi, yana ƙara yawa yana ƙara gudu. Ƙarfin ruwa kuwa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa saman hanya kan kasance lafiya, ɓarnar tana can ƙasa, inda ruwan ya riga ya tara jama'arsa. Yanzu a ce an yi wa wannan hanya mafitar ruwa a kowace mita 10. Duro ɗarin nan ya rabu gida ashirin, kowane yanki duro biyar ne kacal zai zubar, a hankali, cikin ciyawa. Ruwan bai ragu ko da cokali ba, an dai hana shi haɗuwa.

Ƙa'idojin da masu gina hanyar keke suke bi duk daga wannan lissafi suka fito. Ta farko ita ce ta rabi: gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa. Idan tudu yana sauka mita 20 a cikin kowace mita 100, hanya ta ratsa shi a karkace tana sauka mita 10 ko ƙasa da haka, domin da zarar ta wuce rabi ruwa zai bar bin tudun ya koma bin hanyar. Suna kuma son matsakaicin gangaren hanya gaba ɗaya ya tsaya wajen kashi 10 cikin ɗari, wato taku ɗaya na sauka a cikin taku goma na tafiya. Sannan a karkatar da doron hanyar kaɗan zuwa ɓangaren gangare, kamar kashi 5 cikin ɗari, faɗin yatsu uku ke nan a hanya mai faɗin mita ɗaya, don ruwa ya tsallake ta a shimfiɗe maimakon ya kwanta a kanta. Wadda na fi ba muhimmanci ita ce ta ƙarshe: hanya mai gangarowa ta riƙa ɗan hawa lokaci-lokaci, kowane taku goma zuwa ashirin, ta yi kwari ta yi tudu kamar bayan raƙumi. Ruwa ba ya hawa, dole ya fita a kwarin. Wannan ta fi ramin da ake tonawa a gicciye ko itacen da ake shimfiɗawa, domin rami yana cikewa da yashi cikin ruwa biyu, itace kuma ranar da wani ya rasa makamashi ya tafi. Duk wannan ba ya bukatar na'urar safiyo. Sanda uku da aka ɗaure kamar ƙafafun tsani, da igiya da ɗan dutse a rataye a tsakiya, sun isa a gane inda ƙasa ta daidaita. Tiyon ruwa da magina ke auna gini da shi ma ya wadatar. Inda gangaren ya fi ƙarfin dabara, ko hanya ta tsallake ƙorama, sai a shimfiɗa duwatsu a binne rabinsu a ƙasa, manya a ƙasan gangare su tokare na sama, a cike tsakani da tsakuwa. Dutse kuwa shi ne abin da ƙasar Roni da Kazaure ba ta rasa ba.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne aka fi yin kuskure. Aikin gayyar gyaran hanya a ƙauyukanmu yawanci sai ruwa ya ɓata ta ake kiransa, a tsakiyar damina, a zuba ƙasa da ganye da buhunan yashi a rami, ruwa na gaba ya kwashe. Masu hanyar keke da dama ba sa taɓa babban gini a lokacin da ake hawa. Suna jira a tashi daga wasa, su yi aikinsu kafin a dawo. Namu lokacin hutun shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa, amma watannin nan ba ɗaya suke ba. Da kaka, cikin Oktoba, sawun ruwa yana nan a ƙasa, ana ganin inda ya bi, inda ya taru, inda ya ajiye yashi, to a nan ne ake zagayawa a kafa turaku a shata sabon layi. Ƙasa kuma tana da sauran laima, diga na shiga, abin da aka daɓe yana kamawa. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi ƙasa a matse, idan ta dunƙule ba ta jiƙa hannu ba, ta yi, idan ta zube kamar gari, a bar ta. Daga Janairu zuwa Afrilu ƙasa ta koma ƙura, duk wanda ya ce zai daɓe ta wahala zai sha, iska ta kwashe saura. Waɗannan watanni na aikin dutse ne, fasawa da jigila da jerawa. Idan bazara ta kawo yayyafin farko, kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa, sai a koma a daɓe doron hanyar a dasa jema ko gamba a gefen da ruwa ke fita.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan wannan tsari shi ne tsawo, kuma gaskiya ne. Tudu mai tsayin mita 30 da ake hawa kai tsaye cikin mita 150, idan aka bi ƙa'ida zai ci mita 300. Mutum mai sauri, da yaro mai kora awaki, za su yanke. Masu hanyar keke ma suna fama da wannan, maganinsu kuma shi ne kada mai tafiya ya hango lanƙwasa ta gaba daga inda yake: a sa kwana a bayan dutse ko bayan kurmin geza da sabara, a toshe tsohuwar hanya da gaske, da duwatsu da ƙaya, a farfasa fakonta don ciyawa ta fito. Tsohuwar hanya da aka bari a buɗe za ta ci gaba da jan mutane da ruwa duka. Mai ƙafa yana iya yankewa ba a yi asara mai yawa ba. Mai kaya kuwa, da shi aka yi lissafin: keke mai ɗauke da jarka huɗu ba ya hawa gangaren kashi 20, turawa ake yi, babur mai buhu biyu kuma a irin wannan gangaren ne birki ke kamewa taya ta ja ƙasa. Shanun amalanke ma sun fi son doguwar hanya mai sauƙi, duk mai su ya san haka.

Akwai masu cewa wannan aikin gwamnati ne, a kawo gireda da kwalbati da kwalta. Manyan hanyoyi haka ne, kuma akwai shirye-shirye irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da Jigawa ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Amma hanyoyin da ke haɗa unguwa da rijiya, gona da gari, ruga da kasuwa sun fi ƙarfin kowane kasafi, kuma gireda da aka sa ta miƙe da gangare ba abin da take yi illa faɗaɗa magudanar. Game da hannun aiki kuwa, gaskiya ne samari da yawa na tafiya ci-rani da zarar an gama girbi. Sai dai aikin Keita a jihar Tawa ta Nijar, wanda aka fara a 1984, ya nuna abin da jerin duwatsu da aka ɗauka da hannu zai iya yi wa tuddan da suka zama fako, kuma mata ne suka yi kaso mai yawa na wannan jigila. Ƙasar Adar, inda Keita take, ta fi tamu ƙarancin ruwa da tsananin dutse. Gyaran mita ɗari biyu ko uku mafi muni a hanya ɗaya bai fi ƙarfin unguwa guda ba a rani ɗaya, idan mai unguwa ya tsayar da rana.

Inda hanya za ta ratsa gandun daji ko burtali, ba a sa diga sai an zauna da dagaci da ma'aikatan daji da ardo, domin sabon layi yana taɓa gonar wani ko mashayar wani, kuma hanya mai faɗi a daji gayyata ce ga motar masu itace. Nan ma akwai dabara a wurin masu keke: suna barin hanyarsu siririya, suna kewaye itace maimakon sare shi, domin saiwarsa ce ke riƙe gefen hanyar, inuwarsa kuma na rage bugun ruwan sama. Kalgo ko aduwa da ke tsaye a kan layi dalili ne na yin kwana, kwanar kuma wuri ne na fitar da ruwa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, wanda ya shata hanyar ya fita da fartanya tun ana yayyafi, ya bi ta daga sama zuwa ƙasa. Duk inda ya ga ruwa ya bi doron hanya fiye da taku ashirin bai fita ba, ya kafa turke a wurin, washegari a buɗe masa mafita tun ƙasa na da taushi.