Makirufon Mawaƙi a Gindin Sarewa

Abin da aka yi wa wani dattijo mai busa sarewa a wajen dinar biki ya isa ya sa duk mai sana'ar sauti ya ji kunya. An gayyato shi daga nesa, aka tsayar da shi a dandamali tsakanin masu kalangu da fiyano da sifikar monita, sannan aka karɓi makirufon mawaƙi aka ba wani yaro ya riƙe masa a gindin sarewa. Ya fara busa, ba a jin komai sai kiɗa. Mai miksa bai taso ya duba inda makirufon yake ba, ya dai yi ta ƙara masa ƙarfi daga inda yake zaune. Da yaron ya ga har yanzu shiru, sai ya kai makirufon daidai bakin dattijon. Iska ta bugi kan makirufon, sifikoki suka cika da huci, can kuma suka ɓarke da kuka har mata suka toshe kunnuwa. Aka sauke bawan Allah bai gama take ɗaya ba, ana ta cewa tsufa ya cinye masa numfashi. Numfashinsa lafiya lau. Wanda ya karɓi kuɗin kayan sauti ne bai san aikinsa ba, masu bikin da suka ɗauko shi don ya fi arha su ma suna da nasu kason.

Sarewa ba kakaki ba ce da za a tare ta a gindi. Sautinta yana fita ne ta wurin busa da kuma ramin farko da yatsa ya bari a buɗe, wannan ramin kuwa yana canzawa da kowane amo. Makirufon da ke gindi ba ya samun cikakken sauti sai an toshe ramukan duka, shi ya sa wani amon ya yi tsawa wani ya ɓace. Idan kuma mai busar yana haɗa ta da gurnanin maƙogwaro irin na Fulani, wannan ma ya tafi a banza. Mazaunin makirufo kusa da wurin busa ne, tazarar santimita 5 zuwa 10, a karkace, ba a kan hanyar iskar ba. Duk lokacin da aka rage tazara da rabi ana samun ƙarin kimanin desibel 6 ba tare da an taɓa miksa ba, ƙarin da ba ya jawo kuka.

Wasu za su ce ai a cikin nau'o'in makirufo kondensa ce ta dace da sarewa, don ita ake sawa a situdiyo. Gaskiya ne tana kamo laushin numfashi fiye da dainamik, kuma a zauren da babu hayaniya ƙaramar kondensa a tazarar santimita 30 ta fi komai daɗi, in dai miksa na ba da wutar fantom ta bolt 48. Amma dandamalin biki ba situdiyo ba ne. A wannan tazarar kalangu zai shiga makirufon fiye da sarewar, monita ta biyo baya. A irin wannan wuri dainamik irin Shure SM57 da ta fito tun 1965, ko SM58 ta 1966, a kan sanda, kusa, ta fi kondensa mai tsada da aka dasa nesa. Wasu kuma su ce a maƙala ƙaramin makirufo a jikin sarewa ko a ɗaura na kai a huta. Ga mai busar da ke rawa ko zagaya fili wannan ne mafita, sai dai tazarar ta kafe, ba shi da damar ja da baya. Ƙaramar sarewar ƙarfe ta mutanen Ayalan ta nuna illar hakan ƙarara: amonta mafi ƙasa yana wajen 587 Hz, hawa na biyu kuma ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana kutsawa yankin 2,000 zuwa 5,000 Hz inda kunnen ɗan Adam ya fi jin zafi. Mai busa ta yana bukatar makirufon da zai iya kauce wa idan ya hau sama.

Kada a ba yaro riƙon makirufo. Kada a sa shi a gindi. Kada a sa shi a kan iska. A yanke duk abin da ke ƙasa da 200 Hz, sarewa ba ta da komai a can sai huci da girgizar dandamali. Monita ta zauna a bayan makirufo, kuma a hunturu a sa masa soso. Idan ba a jin sarewa, a rage ganguna da fiyano, a matso da makirufo, a bar maɓallin ƙarfi ya huta. Na sake faɗa, a bar ba yara riƙon makirufo, sanda ba ta kai kuɗin kujerun da ake haya ba.

Masu biki kuma, duk mai kayan sautin da ya ce muku ba sai an gwada sarewa tare da makaɗa ba kafin baƙi su iso, ku karɓi kuɗinku ku nemi wani.