ƘAIƘAYIN JIKIN MAI SHAYARWA
Bayani ga Hakimai, Dagatai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin a karanta ta ga jama'ar Achika da sauran garuruwan ƙasar Wudil. A waɗansu gidaje, idan mai jego ta soma susa, sai tsofaffi su ce nononta ya ɓaci, a cire jariri daga mama. Yaron da aka yi wa haka shi ne gudawa da tamowa suka fi saurin kamawa. Ƙaiƙayi kuwa ba ya ɓata nono. Ga dalilinsa.

1. Abin da ke kawo shi

A cikin jinin mace akwai waɗansu sinadarai da ake kira homon, watau 'yan aike masu kai umarni daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ɗaya daga cikinsu, istirojin, yana taimakon fata ta riƙe ruwa da maiƙo. Sa'ad da mace ke da ciki, mabiyiya ce ke yin sa da yawa. Da zarar an haihu mabiyiya ta faɗo, sai ya ragu ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Sa'an nan wani homon mai suna furolaktin, wanda ke sa nono ya kawo, ya hana shi komawa yadda yake muddin yaro yana tsotso sosai. Saboda haka fata takan bushe ta yi ƙaiƙayi, gashin kai kuma yakan zuba wajen wata na 3 ko na 4. Duk wannan mai wucewa ne.

Abu uku ke ƙara masa ƙarfi a ƙasarmu: iskar hunturu, da tafasasshen ruwan wankan jego, da dirzar jiki da soso da sabulu mai kaifi.

2. Lokacin yaye

Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci har shekara 2. To, in an zo yaye, al'adarmu ita ce a ɗauki yaro rana ɗaya a kai wa kaka. Amma jikin uwa bai sami labari ba, yana ta yin nono. Sai mama ya cika ya yi tauri, fatarsa ta miƙe, ƙaiƙayi da zogi su taso. Abin da ya fi shi ne a riƙa rage shayarwa ɗaya bayan 'yan kwanaki, har a gama cikin makonni. In mama ya cika, ta tatse kaɗan, ta ɗora tsumma mai sanyi. Kada a ɗaure ƙirji tamau.

3. Abin da za a yi a gida

A sirka ruwan wanka ya zama mai ɗumi. A shafa man kaɗanya nan da nan bayan wanka, tun jiki bai bushe ba. A yanke farce, a sa tufafin auduga, a sha ruwa gwargwadon ƙishirwa. A guji man sauya launin fata, gama waɗansunsu suna ɗauke da guba mai iya kaiwa ga jariri. Kada a haɗiyi ƙwayar ƙaiƙayi sai da izinin ma'aikacin lafiya, domin wata takan sa yaro barci.

4. Ƙaiƙayin da ba a zama da shi

(a) In ya fi tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu, ga kuma waɗansu mutanen gidan suna susa, ƙazuwa ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Sai a yi wa gidan duka magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya.

(b) In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, alamar shawara ce.

(c) In mama ya yi ja da tauri, ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar, kada kuwa a daina shayarwa.

(d) In kan mama ɗaya ya yi ɓawo ko gyambo ya ƙi warkewa, ko an ji ƙullutu, lalle likita ya duba, don sankarar mama takan soma haka.

Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin huɗun nan, a kai ta ɗakin shan magani mafi kusa, ko Babban Asibitin Wudil.

5. Roƙo ga shugabanni

Mace ba ta cika fita ba sai da izinin maigida, ba ta kuma saɓa maganar uwar miji. Don haka ana roƙon hakimi ya umarci dagatai da masu unguwanni su tara magidanta, malami ya karanta musu wannan takarda. Liman ya tuna musu bayan salla. A kira ungozomomi su ma a gaya musu, gama su ne ke shiga inda maza ba sa shiga. Abin da za su riƙe shi ne: kada a cire yaro daga mama saboda susa, kada a yi yaye rana ɗaya, kada maigida ya hana zuwa asibiti.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayensu lafiya, amin.